Wa ya fi sanin gawo: mai difloma ko mai gona?



Akwai wata kalma da ta ishe mu ji: "wayar da kai". Duk furojen da ya sauka ƙasar nan da ita yake sallama. Za a wayar da kan manoma a kan itace, za a wayar da kansu a kan hamada. To mu dai yau tambaya muke: a maganar itacen gona, kan wa ke cikin duhu?

Bari mu bi tarihi. Bayan farin 1973 da na 1984, an zuba kuɗi masu yawa wajen dashen itace a Nijar. Aka buɗe wuraren renon dashe, aka kawo turare da wasu irin na waje, aka kewaye da waya. Da yawansu ba su ga rani na biyu ba, awaki da gara da ƙishirwa suka gama da su. A wannan zamanin kuma doka ta ce itace na gwamnati ne. Mutum ya sare reshe a gonarsa, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Wa zai reni abin da ba nasa ba, wanda kuma zai jawo masa sammaci?

Manoman nan namu ba su jira kowa ba. Da hannun hukuma ya sassauta, sai suka daina ƙone kututture lokacin sassabe. Su zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi, su datse sauran, su bar saiwar da ta daɗe a ƙasa ta yi aikinta. Shi ne ake kira sassaben zamani. Babu leda, babu ban ruwa, babu waya. A Maradi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya yi ta yaɗa dabarar tun 1983, kuma shi kansa sai da dashensa ya yi ta mutuwa kafin ya duƙa ya dubi kututturen da ke gabansa. Amma a nan kudancin Damagaram yawancin aikin manoma ne suka yi shi da kansu, maƙwabci na kallon maƙwabci.

Yaushe masana suka ankara? Sai wajen shekara 20 bayan haka. A 2006 Mahamane Larwanou da abokan aikinsa, cikinsu har da Chris Reij na ƙasar Holan, suka fitar da bincike a kan Magarya, Matamaye da Mirriya (lokacin Dungas tana cikin Magarya), suka ce wajen hekta miliyan 1 ta sake rufuwa da itace, galibi gawo. Gray Tappan na Amurka ya jera hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan Adam na baya-bayan nan, aka ga ƙauyuka sun ƙaru da mutane kuma sun ƙaru da itace. Lissafin ƙasa baki ɗaya ya kai hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200. Jama'a, miliyan 200 fa! Ba a ankara da faɗin wannan daji ba har ya girma.

Yau ɗalibi zai gaya maka da Faransanci cewa gawo yana zubar da ganye da damana, yana tohowa da rani, saiwarsa kuma tana tara wa ƙasa sinadarin azot. Gaskiya ne. Amma tsohon da bai taɓa shiga lakkal ba ya san hatsin gindin gawo ya fi na sarari kauri da tsawon zangarniya. Ya san bisashe na taruwa inuwarsa da rani, su ci ƴaƴansa, su bar taki. Ya san wane tsiro za a bari, wane za a cire, da kallo ɗaya. Kakanni ma na ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimun ya hana saran gawo da hukunci mai tsanani. Wannan ba ilimi ba ne? Don ba a rubuta shi da alli ba?

To kar wani ya ce mun zo zagin boko. Mu ma can muka fito. Akwai abin da idon manomi ba ya kaiwa. Tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi ta sha ƙarfin dabarun gida, sai masu bincike na INRAN da jami'a suka reni wani ɗan ƙwaro mai kashe ta, ana sakinsa a gonaki. Irin hatsi mai saurin nuna kamar HKP daga tashar bincike ya fito. Kuma ba don ƙidayar masanan nan ba, da wuya a ce ƙudurin 2020 kan sassaben zamani ya ƙarfafa haƙƙin mai gona a kan itacen da ya rena. Manomi ya san gonarsa taku-taku, masani ya iya haɗa gona dubu ya faɗi abin da suka yi tarayya. Kowa da inda ya fi.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce ɗaya malami ne, ɗaya kuma jahilin da za a tara a gindin bishiya a karanta masa takarda. Wannan rainin yana da tsada. Yaro ya dawo daga Zinder da difloma yana jin kunyar tambayar babansa, tsoho ya rasu da abin da ya sani a kan kalgo da sabara da aduwa, babu wanda ya rubuta. Kowace 3 ga Agusta a dasa, a ɗauki hoto, a watse. Wa ke komawa watan Afrilu ya ƙirga waɗanda suka rayu?

Ga abin da muke nema, kuma ba ya bukatar miliyoyi. Na ɗaya, duk furojen itace da zai shigo Magarya ko Dungas ya fara da zaman sauraro, manoma maza da mata su yi magana, injiniya ya riƙe biro. Mata musamman, su ke itacen girki, su ke ganyen miya, sun san abin da ya ɓace daga daji. Na biyu, ɗaliban Jami'ar André Salifou da ke rubuta kundin kammala karatu a ƙauyukanmu su sa sunan mutanen da suka koya musu, su kuma dawo su faɗi sakamakon da Hausa. Na uku, hukumomin gari su ware wani abu daga kuɗin bikin dashe su ƙarfafa masu tsaron tsiron gona, don ɓarawon itace da dare shi ne babban abokin gabar sassaben zamani.

Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ilimin nan yana nan cikin gidajenmu.

Ku kuma masu saurare, ku gaya mana: gawo nawa ne a gonarku, kuma wa ya koya muku renonsa? Allah ya ba mu damana mai albarka.