Ra'ayinmu: A bar dattijo ya hau kekensa, amma a duba hanyar da zai bi

Tsakanin garin Passau na Jamus da Vienna, babban birnin Austriya, akwai hanya mai bin gaɓar kogin Danube, tsawonta kimanin kilomita 320, wato kusan nisan Kano zuwa Zariya sau biyu. Mafi yawanta an keɓe ta ne domin masu keke, mota ba ta shiga. Da zarar sanyi ya wuce, dubban mutane kan bi ta cikin mako guda, kuma da yawansu masu furfura ne, maza da mata, waɗanda suka ajiye aiki suka ɗaura jakunkuna biyu a kariya suka kama hanya. Su yi kilomita 50 ko 60 a wuni, su kwana a wani ƙauye, gari ya waye su ci gaba. Wannan hanya wani yanki ne na hanyoyin keke 17 da ake kira EuroVelo, waɗanda suka ratsa Turai da tsawon da ya haura kilomita 90,000.

Doguwar tafiya a keke bayan ritaya ta zama ruwan dare a can, har akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su kama wa matafiyi ɗaki, su kai masa kayansa masauki na gaba. Duk da haka muhawara ba ta ƙare ba a kan ko hikima ce ko ganganci mutum ya ɗora wa jikin da ya haura sittin irin wannan aiki. Mun ga ya dace mu sa baki, domin keke ba baƙon dattawanmu ba ne, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara.

Masu goyon baya sukan fara da mutanen da suka yi abin a zahiri. Anne Mustoe shugabar wata makarantar 'yan mata ce a Ingila. A 1987, tana da shekara 54, ta ajiye aiki ta hau keke ita kaɗai, alhali ba 'yar motsa jiki ba ce, ko facin taya ba ta iya ba. Cikin kimanin wata 15 ta zagaya duniya, ta taka feda nisan kimanin kilomita 19,000, ta dawo ta rubuta littafi, ta kuma ci gaba da irin waɗannan tafiye-tafiye fiye da shekara ashirin. Robert Marchand na Faransa kuwa ya koma wa keke gadan-gadan ne yana dab da shekara saba'in. A 1992 ya tashi daga Paris har Mosko. A watan Janairun 2017, yana da shekara 105, ya yi kilomita 22.5 cikin awa ɗaya a filin tseren keke da ke kusa da Paris. Abin da ya fi jan hankalin masana game da shi shi ne, abin da ya yi cikin awa ɗaya yana da shekara 102, kusan kilomita 27, ya zarce wanda ya yi yana da shekara 100. Jiki mai shekara ɗari ma ashe yana karɓar horo.

Mutum ɗaya ko biyu ba su isa hujja ba, shi ya sa binciken da Jami'ar Birmingham da King's College ta Landan suka wallafa a 2018 ya fi nauyi a wurinmu. Sun auna mahaya keke 125 masu shekara 55 zuwa 79, mazan suna iya kilomita 100 cikin ƙasa da awa shida da rabi, matan kilomita 60 cikin awa biyar da rabi. Aka tarar tsokarsu ba ta zube ba kamar yadda aka saba gani a tsufa, ƙiba ba ta taru musu ba, kuma garkuwar jikinsu tana ƙera sababbin ƙwayoyin yaƙi da cuta kusan kamar ta samari. Akwai kuma dalilin da ya sa keke ya dace da tsoho musamman. Sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, saboda haka wanda gwiwa ta hana shi gudu ko doguwar tafiyar ƙasa yakan iya taka feda awanni ba tare da ciwo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son wanda ya haura 65 ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, kuma mai shirin doguwar tafiya yana cika wannan tun kafin ya bar gari.

Akwai wata fa'ida da ba a auna ta da na'ura, wadda mu a ganinmu ta kai sauran muhimmanci. Ma'aikacin da ya yi shekara 35 yana fita da safe, ranar da aka sallame shi sai ya wayi gari babu inda ake jiransa. Mun sha ganin yadda wannan zama ke cin mutum: daga gado sai kujerar ƙofar gida, daga nan sai hawan jini da ciwon suga su samu wurin zama. Tafiya mai zango tana ba mutum abin da zai shirya wa, da abokan da za su tambayi lafiyarsa idan bai fito ba, da garin da zai isa kafin la'asar da ƙarfin ƙafarsa.

Amma masu ja da baya ba matsorata ba ne, kuma za mu daɗe a kan hujjarsu domin ita ce aka fi tsallakewa. Da farko, wancan bincike na Birmingham bai ɗauki masu shan taba ko masu hawan jini ko masu wata cuta ba. Mutanen da aka auna zaɓaɓɓu ne, mafi yawansu sun daɗe suna hawa. Binciken ya nuna abin da jiki zai iya riƙewa idan ba a daina motsa shi ba. Bai ce wanda ya yi shekara talatin a kujerar ofis da ta mota zai iya tashi gobe ya kama hanyar kilomita ɗari lafiya ba. Zuciyar da ke da toshewar jijiya wadda ba a gano ba tana iya bayyana kanta a kan tudu, nesa da asibiti. Likitocin zuciya sun kuma lura cewa rikicewar bugun zuciya ta fi yawa a tsakanin mazan da suka shafe shekaru suna horo mai tsanani.

Sai batun ƙashi. Abin da ya sa keke ke tausaya wa gwiwa shi ne kuma ya sa ba ya ƙarfafa ƙashi, domin ƙashi yana ƙarfi ne idan ana ɗora masa nauyi. Faɗuwar da saurayi zai tashi ya karkaɗe riga, ita ce ke karya ƙugun tsoho, kuma karayar ƙugu a tsufa ta kwantar da mutane da yawa kwanciyar da ba su sake tashi ba. Holan ƙasa ce da babu kamarta wajen gina wa keke hanya, amma a 2022 mahaya keke 291 suka mutu a hatsari a can, kimanin rabinsu 'yan shekara 75 zuwa sama. Haɗurran tsofaffi da yawa ma babu mota a ciki: a wajen hawa ko sauka, ko a kwana, ko taya ta goga gefen titi. Keke mai batir, wanda ya buɗe wa tsofaffi da yawa ƙofar doguwar tafiya, yana da hannu a wannan damuwa. Injinsa yana taimaka wa ƙafa har gudun kilomita 25 a awa, ga shi ya fi keken gargajiya nauyi, sai ya kai mutum gudun da idonsa da hannunsa a birki ba su iya bi.

Zafi ma abin tsoro ne, kuma wannan ya fi shafar mu fiye da Turawa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, jikinsa kan bushe kafin ya farga. Mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari ya fi saurin bushewa, mai shan maganin suga kuma sukarinsa na iya faɗuwa a tsakiyar hanya. Sannan iyali suna da haƙƙi. Anne Mustoe ta rasu a 2009 a wani asibiti a Halab ta Siriya, tana da shekara 76, a tsakiyar wata tafiyar keke. Wasu za su ce ta cika a kan abin da take so. Amma ɗan da ya ce ba ya son a kira shi daga wata ƙasa a gaya masa mahaifinsa na kwance a hannun baƙi, bai faɗi abin kunya ba.

A ƙasar Hausa lamarin yana da wata fuska. Dattijo a kan keke ba labari ba ne a karkara: manomi mai zuwa gona, malami mai zuwa ɗaurin aure ƙauyen gaba, mai kai kaya kasuwar mako, wasunsu sun haura saba'in suna yin nisan da ɗan birni ba zai gwada ba. Sai dai keken larura ne, kuma nan matsalar take. Tsohon darakta ko tsohon hedimasta idan aka gan shi a keke, abin da za a fara cewa shi ne arziki ya karye, ko 'ya'yansa sun yi watsi da shi. 'Ya'yan da kansu sukan hana shi saboda gudun wannan magana, su fake da cewa lafiyarsa suke ji. Wannan hani ba mu yarda da shi ba ko kaɗan. Bai kamata surutun mutane ya zaunar da mai lafiya har zama ya zame masa ciwo ba.

Tsoron hanya kuwa gaskiya ne. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma wa keke, shi da kansa yana hawa zuwa aiki a Abuja, har wata bas ta ture shi cikin kwata. Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka, mai keke a manyan hanyoyinmu har yanzu yana raba kwalta da tirela da tifa da motar haya mai gudun cika lodi, sau da yawa babu ko kafaɗar titi da zai raɓe. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ga kuma hanyoyin da 'yan bindiga suka hana bi a sassan Zamfara da Katsina da Kaduna, inda ko mai mota sai ya yi shawara. Abin da ya sa tsohuwar Bajamushiya ke bin gaɓar Danube hankali kwance shi ne hanyar da aka gina mata, da sanin cewa motar asibiti na kusa.

Bayan mun auna duka, matsayinmu shi ne doguwar tafiya a keke abu ne mai kyau ga wanda ya manyanta, kuma yawan shekaru kaɗai bai isa dalilin hana shi ba. Haɗarin da ke cikinta na gaske ne, amma mafi yawansa daga gaggawa yake zuwa da kuma mummunar hanya, kuma ana iya rage su duka. Haɗarin zama wuri ɗaya shi ne ba a gani sai ya gama ɓarna.

Goyon bayanmu yana da sharaɗi. Wanda zai fara ya je likita ya auna jininsa da sukarinsa da zuciyarsa, ya faɗa masa abin da yake shirin yi da magungunan da yake sha. Ya fara da zagayen unguwa bayan asuba, ya riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan tsawon watanni kafin ya yi maganar kwana a hanya. Kada ya ɗauki Marchand abin awo. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro sun fi dacewa ya yi koyi da su: tafiya cikin ayari, zango bayan zango, a tashi da sanyin safiya a sauka kafin rana ta yi tsaka. Watannin sanyi daga Nuwamba zuwa Janairu su ne lokacinta a nan, tare da rufe hanci ranar da ƙura ta yi yawa, bazara kuwa a bar ta. Hanyar burji mai ratsa ƙauyuka ta fi babban titi ko da ta fi nisa. Hular kwano da riga mai haske da birki mai ci wajibi ne, ruwa kuma a sha shi da agogo ba sai an ji ƙishi ba. Tunda keke ba ya gina ƙashi, a haɗa da tafiyar ƙasa da ɗaga abu mai ɗan nauyi. Keke mai batir ba abin kunya ba ne ga wanda tudu ya fi ƙarfinsa, muddin ya koyi sarrafa shi a fili kafin ya shiga hanya. Ranar da ƙirji ya ɗaure ko jiri ya ɗebi mutum, tafiya ta ƙare a nan, a sa keken a mota.

Ga iyali, maimakon kulle keken, ɗa ko jika ya raka shi, ko a san zangonsa na kowace rana a riƙa waya. Ga gwamnatocin jihohi da ke ta faɗaɗa tituna da gina gadojin sama a Kano da Kaduna da Maiduguri, muna kira da a sa layin keke mai shinge a cikin zanen tun kafin a zuba kwalta, a kuma gyara kafaɗun hanyoyin da ke haɗa garuruwa, domin yin haka tun farko ya fi araha a kan fasa titi daga baya. Ƙungiyoyin 'yan fansho su ma suna iya shirya fita ta rukuni sau ɗaya a wata, su nemi rakiyar jami'an kiyaye haɗurra, su tanadi mota ɗaya da za ta biyo baya da ruwa da kayan faci da mai duba lafiya.