KIWON LAFIYA: Turmin Shekara Shida Ba Shi da Magaji

A ƙofar makarantun firamare na Minna, daga Bosso zuwa Tunga har Chanchaga, da wuya a rasa mai tallar alewa da biskit. Yaro ya tsotsa da safe, ya ƙara da rana, ya kwana bai wanke baki ba. Ran da haƙori ya yi kogo, sai iyaye su ce ba kome, ai zai yi famfara wani ya fito. To, a nan ne akan tafka asara.

Haƙoran yarinta guda 20 ne, kuma duk sukan zube. Amma wajen shekara 6, waɗansu turame huɗu kan tsiro can ƙurya, a bayan na yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Su kuwa na dindindin ne. Wanda aka cire ya tafi ke nan har tsufa.

Ba tsutsa ce ke cin haƙori ba, kamar yadda akan ce. Ƙwayoyin cuta ne na cikin baki ke mai da sukari wani ruwa mai tsami wanda ke zaizaye ɓawon haƙori. Saboda haka yawan tsotse-tsotse tsakanin abinci shi ne babbar ɓarna, domin miyau ba ya samun sararin gyara abin da ya zaizaye. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ke fama da ruɓewar haƙoran yarinta.

Rigakafin ba shi da tsada. A goge wa yaro baki sau biyu kullum, musamman kafin barci, da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Ɗan ƙasa da shekara 3, misalin ƙwayar shinkafa ta ishe shi. Kayan zaƙi kuwa a haɗa su da lokacin cin abinci.

Da zarar an ga farin tabo ko baƙi a turmi, sai a kai yaro ga likitan haƙori, kamar a Babban Asibitin Minna. Ƙaramin rami ciko kawai yake bukata. In ya kai ga jijiya, sai zogi da kumburi, wani lokaci har cirewa. Kanumfari yana kwantar da zogi, amma ba ya toshe rami.

Hausawa dai sun ce, tun ran gini tun ran zane.