ƊAN DA AKA HAIFA A ABUJA, WA ZAI ƊAUKI NAUYIN KARATUNSA?

Daga Sakataren Ƙungiya

 Maganar da nake son mu tattauna a wannan fitowa ta shafi yaranmu da suka gama digiri na farko, suka yi bautar ƙasa, suna kuma sha'awar yin digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, amma kuɗi ya tsaya musu a gaba. Ra'ayina shi ne wannan karatu ya cancanci mu tsaya masa, kuma akwai hanyoyin tallafi da ɗan baƙo yake da cikakken haƙƙi a kansu, sai dai sakacinmu wajen takardu da rashin shiri da wuri suna sa muna barinsu suna wucewa.

Na san wasu iyaye za su ce, me wannan karatu zai tsinana wa gida? Likita mun san aikinsa, injiniya mun san nasa, shi kuwa wannan fa? To mu tuna da abin da ya faru bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023. Ƙungiyar ECOWAS, wadda hedikwatarta take nan Abuja, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka a Jibiya da Illela da Maigatari, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Duk mai harkar dabbobi a Dei-Dei, ko mai 'yan'uwa a Maraɗi da Damagaram, ya ji wannan hukunci a jikinsa. Daga baya Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Irin waɗannan shawarwari mutane ne suke zama su rubuta su, a ofisoshin da yaranmu ke wucewa ta gabansu kullum a cikin motar haya. In babu wanda ya san kasuwar kan iyaka a teburin, to za a yanke hukunci a kanmu ba tare da an ji ta bakinmu ba.

Kuma wannan fage ba baƙo ba ne a wurin mutanen Arewa. Marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya zama wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1979, har ya shugabanci kwamitin yaƙi da mulkin wariyar launin fata. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, mutumin Zagga ta Jihar Kebbi, ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi na biyu a Boston ta Amurka, ya yi na uku a Toronto ta Kanada, sannan ya shugabanci Babban Taron Majalisar daga 2019 zuwa 2020. Hajiya Amina Mohammed ta zama mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar a 2017, abin da ke nuna cewa 'ya'yanmu mata ma suna cikin wannan magana.

Yanzu sai mu zo kan inda gizo ke saƙar. Galibin tallafin karatu na gwamnati a ƙasar nan yana bin takardar shaidar asali ne, wato takardar da ƙaramar hukuma ke bayarwa cewa wane ɗan asalinta ne. Yaron da aka haifa a Karmo, ya yi firamare da sakandare a nan, mahaifinsa yana biyan kuɗin rumfa da haraji ga hukumomin Abuja shekara talatin, in ya nufi hukumar ba da tallafin karatu ta Babban Birnin Tarayya zai tarar fifiko na 'yan asalin yankin ne. In ya juya garin kakansa a Katsina ko Kano ko Zamfara, sai a tambaye shi mai unguwar da ya san shi, shi kuwa wataƙila sau biyu ya taɓa zuwa garin, a bikin aure da gaisuwar mutuwa. Ya zama jemage ke nan, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Ga misali, Gwamnatin Kano ta tura ɗalibai 501 karatun digiri na biyu a ƙasashen waje a zamanin Gwamna Kwankwaso, sannan a 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da shirin ɗalibai 1,001. Duka shirye-shiryen na 'yan asalin jihar ne. Jikan Bakano da ke Zuba yana da haƙƙin nema, amma in ba shi da takardar ƙaramar hukumarsa a hannu ranar da aka buɗe, ya riga ya fita daga layi.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya yi magana iri biyu a kan wannan. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito, sashe na 15 kuma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina. Amma sashe na 14 ya kawo tsarin raba daidai, sashe na 147 kuma ya ambaci ɗan asalin jiha ba tare da ya fayyace ko wane ne shi ba. Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa a 1996, ita ta cike giɓin da ƙa'idarta: ɗan asali shi ne wanda iyayensa ko kakanninsa 'yan asalin ƙaramar hukumar ne, ko wanda majalisar ƙaramar hukumar ta amince da shi, kuma ba a yarda mutum ya yi iƙirarin wuri biyu ba. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya gabatar da ƙudurin da zai ba wanda ya shekara goma a wuri matsayin ɗan asali, amma ya janye shi bayan suka ta yi yawa. Saboda haka dokar tana nan yadda take, kuma da ita za mu yi aiki.

A nan ina son in faɗi wata gaskiya ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. 'Yan asalin wannan yanki, Gwari da Gwandara da Gade da Bassa da Koro da sauransu, ba su ne suka jawo mana wannan hali ba. Tun da aka kafa Babban Birnin da Doka ta 6 ta 1976, su ne suka rasa gonakinsu da kufan kakanninsu, ba su da gwamna zaɓaɓɓe, ba su da majalisar jiha, kuma kason da Hukumar Raba Daidai ta ware musu a aikin tarayya kashi 1 ne cikin 100. Duk wanda ya ba da kuɗi a ɓoye aka yi wa ɗansa takardar ɗan asalin Bwari ko Kuje, ya ci haƙƙin maƙwabcinsa, kuma ya haƙa wa ɗan nasa rami. Aikin jakadanci aiki ne da jami'an tsaro ke tantance mutum tun daga tushensa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Abin da ya dace mu nema a fili, ta hanyar wasiƙa da zama da Sakatariyar Ilimi ta Babban Birnin, shi ne a fayyace kason mazauna a rubuce, a buga sharuɗɗansa kowa ya gani, a kuma karɓi shaidar haihuwa da ta makaranta a matsayin hujjar zama, ba tare da an taɓa rabon 'yan asali ba.

Sai dai kada mu zauna jiran wannan. Ƙofofin gwamnatin tarayya ma sun ƙara ƙuntata. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta dakatar da shirin musayar ɗalibai da ƙasashe irin su Rasha da Sin da Maroko da Masar, hukumar TETFund kuma ta daina tura malaman manyan makarantu karatu waje daga farkon shekarar 2025. Tallafin PTDF na fannin man fetur ne da makamashi. Abin da ya fi dacewa da yaranmu shi ne tallafin da ƙasashen waje ke bayarwa da kansu, domin galibinsu ba ruwansu da ƙaramar hukuma. Ɗan Nijeriya kawai suke nema.

Na farko shi ne Chevening, na gwamnatin Birtaniya, wanda aka soma a 1983. Yana biyan kuɗin makaranta da na jirgi da na zama don digiri na biyu na shekara ɗaya. Sharuɗɗansa su ne digiri mai kyau, da aikin da ya kai shekara biyu, wato awa 2,800, da zaɓen kwasa-kwasai uku, da alkawarin dawowa gida aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Ba shi da iyakar shekarun haihuwa, kuma akan buɗe nema a watan Agusta. Na biyu, tallafin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, wanda ya faro a 1959, akan bi ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya da ke nan Abuja. Na uku, hukumar DAAD ta Jamus tana da shirin Helmut Schmidt na digiri na biyu a kan tsara manufofin gwamnati da shugabanci nagari, ana nema a watannin Yuni da Yuli. Na huɗu, tallafin gwamnatin Turkiyya, da akan buɗe a Janairu zuwa Fabrairu, yana karɓar masu neman digiri na biyu 'yan ƙasa da shekara 30, yana kuma ba su shekara guda ta koyon Turkanci. Babu ɗaya daga cikinsu da ake biyan kuɗin fom. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu zai sama wa ɗanka gurbi, ɗan damfara ne, ka rabu da shi.

Wanda kuma bai samu fita waje ba, gida ma akwai ƙofa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da digiri na biyu a harkokin ƙasa da ƙasa da diflomasiyya, jami'ar da ke Gwagwalada ma tana koyar da kimiyyar siyasa da hulɗar ƙasashe. Yaro zai iya yin aiki yana karatu, ya tara shekarun aikin da masu ba da tallafi ke nema.

To mene ne namu a matsayin iyaye? Abu na farko, takardar asali. Ko fasfo ma ana neman shaidar ƙaramar hukuma kafin a ba da shi, don haka babu kauce mata. A kai yaro garin kakansa tun yana sakandare, a gabatar da shi ga mai unguwa da dagaci, a karɓo takardar ta hanyar gaskiya, a kuma tabbatar suna da ranar haihuwa sun yi daidai da abin da ke jikin takardar haihuwa, da lambar ɗan ƙasa, da sakamakon jarrabawa. Bambancin harafi ɗaya tsakanin Muhammad da Mohammed kan jawo wata da watanni ana yawon rantsuwa a kotu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu, mu daina raina abin da yaranmu suka tashi da shi. Hausa tana ci daga Kano har Agadas, har zangon Kumasi da Sudan. Larabcin da suka soma a Islamiyya yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, Faransanci kuma shi ne harshen da aka daɗe ana aikin gwamnati da shi a ƙasashe huɗun da muke iyaka da su ta tudu. Yaron da ya haɗa waɗannan da Turanci mai kyau ya fi ƙarfin a ture shi gefe. Mu ƙarfafa musu su shiga aikin sa kai, kamar koyarwa a ajin yaƙi da jahilci ko sasanta rikicin kasuwa, su kuma riƙa rubuta ranakun da sa'o'in da suka yi, domin masu ba da tallafi suna son su ga abin da mutum ya yi wa al'ummarsa.

Abu na uku ya rataya a wuyan ƙungiya. Tallafin da ake cewa ya biya komai ba ya biyan kuɗin shiri. Daga watan Satumba na 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000, ga kuɗin karɓo cikakken sakamako daga jami'a, ga jarrabawar Turanci da wasu jami'o'in ke buƙata, ga kuɗin intanet. Waɗannan su ne ke kayar da ɗan talaka tun kafin a fara kokawar. Ina ba da shawara a babban taro mai zuwa mu ware wani ƙaramin asusu daga kuɗin wata-wata don irin waɗannan buƙatu kaɗai, a ba da shi rance marar ruwa, a kuma karanta lissafinsa a bainar jama'a. Mu kuma buɗe rajistar duk yaranmu masu digiri, maza da mata, mu roƙi ma'aikatanmu masu ilimi su ba da yammacin Asabar ɗaya a wata don duba musu rubutun neman tallafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina kira ga iyaye mata musamman, kada a ce 'ya mace ba za ta nema ba saboda aure. Karatun Ingila shekara ɗaya ne, na gida kuma ana iya yinsa daga ɗakin miji. A zauna a yi shawara da ita da mijin, a bar ta ta gwada sa'arta.

Yawancinmu da gatari da cebur da tiren talla muka zo wannan gari, wasunmu sai da furfura ta fara fitowa muka koyi rubuta sunanmu. Mun taimaka an gina ofisoshin jakadancin nan na Maitama da Asokoro, mun yi gadinsu, mun kai musu ruwa da nama. Ba laifi ba ne mu nemi 'ya'yanmu su shiga cikinsu da takardar aiki a hannu. Duk gidan da ke da mai digiri, a turo shi ofishin ƙungiya da takardunsa kafin ƙarshen wata, mu duba abin da ya rage masa tun lokaci bai ƙure ba. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya sa mu dace.