Hoto guda, fuska biyu: tsufa ba makanta ba ne

Akwai wani irin zane mai ruɗin ido. Hoto guda ne, amma fuska biyu ke cikinsa. Wani ya duba ya ga budurwa, wani ya duba ya ga tsohuwa. Ra'ayinmu shi ne irin wannan zane ya cancanci a rataye shi a makarantun yaƙi da jahilci da gidajen likita, don yana iya sa mutum ya tambayi kansa: shin idona yana nan kamar da?

Hotuna biyu da suka shahara

Na farko ya fito a wata jarida ta Amurka mai suna Puck, a shekara ta 1915. Wani mai zane, William Hill, ya sa masa suna "Matata da surukata". Dabarar ita ce kowane layi yana aiki biyu. Haɓar budurwa ita ce hancin tsohuwa. Kunnen budurwa shi ne idon tsohuwa. Sarƙar wuyan budurwa ita ce bakin tsohuwa. A shekara ta 2018, masana na ƙasar Ostiraliya sun nuna hoton ga mutum kusan 400, rabin daƙiƙa kawai. Matasa sun fi ba matar ƙananan shekaru, manya kuma suka fi ba ta shekaru masu yawa. Wannan hoto yana gwada abin da hankali ya saba da shi.

Na biyu kuwa ƙarfin ido yake taɓawa. Wata masaniya ƴar Faransa, Aude Oliva, mai aiki a Amurka, ta haɗa shi a shekara ta 2007. Ta ɗora fuskar masanin kimiyya Albert Einstein a kan fuskar ƴar fim Marilyn Monroe. Fuskar namijin an yi ta da siraran layuka. Fuskar macen an yi ta da inuwa mai faɗi, dishi-dishi. Mai ido garau, in yana kusa, namijin yake gani. In ya ja da baya, siraran layukan su ɓace, macen ta fito. Wanda idonsa ya yi rauni kuwa, macen yake gani tun daga inda sauran mutane ke ganin namijin.

To, in mai zane ya yi fuskar saurayi da siraran layuka, ya yi ta tsoho da inuwa mai faɗi a ƙarƙashinta, me zai faru? Mai raunin ido zai ga tsoho. A ba shi madubin ido da ya dace da shi, sai saurayin ya bayyana. Wannan darasi ne da ba ya bukatar dogon bayani. Gani ya kori ji.

Don me muke son wannan zane?

Saboda raunin ido yana zuwa sannu-sannu, ba ya sallama. Cikin ido akwai wani ɗan ƙwaya mai haske, mai taushi, wanda ke daidaita gani na kusa da na nesa. Daga wajen shekara 40 yana fara tauri. Sai mutum ya riƙa miƙa takarda nesa kafin ya ga baƙaƙe. Mace ta kasa zura zare a allura, ta kasa tsince tsakuwa cikin shinkafa. Manomi ya kasa karanta awon da aka rubuta a jikin kwalbar maganin ƙwari, kuma wannan haɗari ne ga gona da mai gona.

Mu masu koyon karatu da girma, abin ya fi shafar mu. Dattijo yana zuwa aji da niyya, sai baƙaƙe su riƙa haɗuwa, kansa ya yi ciwo. Ya ce: "Kaina ya toshe, karatu na yara ne." Ya bar zuwa. Alhali kansa lafiya lau yake, madubin karatu kawai yake bukata. A ƙasar Indiya, cikin wani bincike da aka buga a shekara ta 2018, an ba masu tsinkar ganyen shayi irin wannan madubi. Abin da suke tsinka a yini ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100.

Akwai kuma yanar ido, wadda ta fi kowace cuta makantar da mutane a duniya. Ƙwayar nan ce ke yin fari, mutum ya riƙa gani kamar cikin hazo. Likitan ido yana cire ta ya sa ta roba, galibi cikin ƙasa da rabin awa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta faɗa a shekara ta 2019 cewa aƙalla mutum miliyan dubu 1 na fama da raunin gani da za a iya kauce masa ko a gyara.

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce: "Hoto wasan yara ne, kuma tsufa ba shi da magani." Gaskiya ne furfura ba ta komawa baƙa. Amma yana da taurin ƙwayar ido suna da gyara. Wanda ya jingina su ga tsufa ya zauna, ya ɗora wa kansa duhu, ya kuma hana jikansa zuwa makaranta don ya zama ɗan jagora.

Wani kuma zai ce: "To, ai hoton ya isa awo." A'a, bai isa ba. Akwai cutar hawan jinin ido, mai cin gani daga gefe ba tare da ciwo ba. Mai ita yana iya ganin siraran layukan sarai, alhali cutar tana aiki. Abin da ta cinye ba ya dawowa. Likita kaɗai ke gane ta da kayan awo. Aikin hoton shi ne ya tura mutum wurin likita.

Shawararmu

Masu zanen allunan shaguna da motoci suna da hannun da zai iya wannan aiki. A nemi su zana mana saurayi da tsoho cikin fuska guda. Malaman karatun manya su lura da ɗalibin da ke nisanta littafi ko murtuke ido, su ba shi shawara tun bai gudu ba. Duk wanda ya wuce shekara 40 ya je a auna idonsa, musamman mai ciwon sukari. Kada a yarda wani ya tura yana cikin ido da tsinke ko allura, don sau da yawa ƙarshen wannan makanta ce. Kada kuma a ɗiga wa ido ruwan ganye ko maganin da likita bai rubuta ba.

Jama'a, shekaru baiwa ce daga Allah, ido kuma amana ne. Mu kai iyayenmu awo, mu ma mu je.