A Tuna Da Tsofaffin Malaman Gummi, Anka Da Bukkuyum

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci a kan dattawanmu da suka yi ritaya a Gummi da Anka da Bukkuyum, musamman tsofaffin malaman firamare.

Da yawa daga cikin bayin Allahn nan sun kama aiki ne lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin UPE na karatun firamare kyauta a 1976, tun muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Su ne suka riƙa bin ƙauyuka a kan keke suna lallashin iyaye su ba da yara, a zamanin da ake ɓoye yaro cikin rumbu in an ji mai ɗaukar 'yan makaranta ya shigo gari. Da ɗan albashinsu da gonar gero suka kai 'ya'yansu har Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello a Zariya. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, ai ɗalibansu da 'ya'yansu ne suka riƙe ofisoshin Gusau. Yau a gidan malami guda sai ka tarar da malamar asibiti da soja da mai shago a kasuwa.

A Ingila da Amurka akwai gidajen da ake tara tsofaffi ana kula da su don kuɗi. Mu nan gidan tsoho shi ne gidan ɗansa, kuma ba mu fatan hakan ya canza. To amma jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Ɓarayin daji sun tashi ƙauyuka da dama a yankin nan. Tsohon da ya gina gida da kuɗin sallamarsa ya baro shi, yana raɓe a cikin garin Anka ko Gummi. Gona ta gagara nomawa, fanshon wasu ko tsakiyar wata ba ya kai su, ga ciwon ƙafa ga hawan jini. Haba!

Don haka ina kira ga 'ya'yan da Allah ya ɗaukaka a Gusau da Kaduna da Abuja: kada ku tsaya ga turo ɗan kuɗi ta waya ranar Sallah. Ku kama wa iyayenku ɗaki mai mutunci, ku yanka musu abin magani duk wata. Ɗalibai ma haka, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ita kuma gwamnati, duk lokacin da za a tantance 'yan fansho, a turo ma'aikata hedikwatar kowace ƙaramar hukuma. Bai kamata ɗan shekara 70 ya bi hanyar Daki Takwas zuwa Anka har Gusau, rai a hannun Allah, don kawai a ga yana da rai ba.

Mu 'yan kasuwa kuwa, in tsohon malaminka ya zo awo, ka ƙara masa gyara, kada ka bari ya tsaya layi. Iyayenmu sarakuna su ma su ware rana guda a shekara a karrama su tun suna ji suna gani, kada a jira sai ranar jana'iza.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.

Naka mai karatu kullum,
Daga Kasuwar Gummi, Jihar Zamfara.