Wa Zai Bar wa Baɗi Kifi?

A hutun bazarar bana, mu bakwai daga cikin ɗaliban wannan jami'a muka bi wani abokinmu zuwa ƙauyensu a bakin gulbin Kabi, don mu ga yadda ake su. Masu magana sun ce gani ya kori ji, to, mun gani, kuma abin da muka gani bai bar mu mun yi shiru ba.

Tun da asuba muka shiga kwalekwale tare da kakansa, dattijon da ya yi furfura a kan ruwa, muka nufi wani lungu inda gulbi ya yi kwana, ruwa ya kwanta bai ƙafe ba. Muka jefa birgi, muka duba mamari, har rana ta take. Da muka juye kamu, sai 'yan karfasa da tarwaɗa ƙanana waɗanda ko kwano ba su cika ba. Baba ya dube su, ya ce a wannan gurbi ya taɓa kama giwan ruwa da sai da mutum biyu suka ɗauka. In kifi ya fito ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa?

Dalilan wannan koma-baya ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, wadda ke kwashe uwa da 'ya'ya. Na biyu, zuba maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso, abin da ke kashe na ci da na bari, ya kuma cuci mai saye a kasuwa. Na uku, madatsun ruwa. Tun da aka gama na Bakolori a 1978 ambaliyar da ke shiga fadamun da ke ƙasa da shi ta ragu, alhali kuwa a cikin ciyawar fadama kifi ke zuba ƙwai. Bazara ita ce lokacin da uwayen ke ɗauke da ƙwai suna jiran ruwan fari, saboda haka duk wanda ya share gurbi a wannan lokaci, irin baɗi ya cinye.

Wani zai ce ai talauci ne, mai iyali ba ya jiran baɗi. Gaskiya ne, ba mu kuwa ɗora wa masunci laifin duka ba. Amma fa in gulbi ya mutu, shi zai fara kwana da yunwa, ba mu 'yan boko ba. Wani kuma zai ce akwai doka. Lalle akwai, domin dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta guba da nakiya, sai dai doka a takarda ba ta tsaron gulbi da dare.

Maganin yana gida. Dubi Matan Fada a Argungu: Sarkin Ruwa na tsare wurin, ba a su a cikinsa sai ranar biki, ranar kuwa da homa da gora ake shiga. Shi ya sa ake fito da manyan kifaye. Bikin nan da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, ba wasa kaɗai ba ne, darasi ne na tattali.

Don haka muna kira ga hukuma da ta ƙarfafa hannun sarakunan ruwa, kowane gari ya keɓe gurbi guda da ba a taɓawa daga bazara har ruwa ya cika, a kuma riƙa sako ruwa daga madatsai a kan kari. Mu kuma, 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu karatun aikin gona da halittu, mu sauka daga kan kujera mu je mu zauna gaban irin su Baba, mu haɗa iliminsu da namu. Allah Ya sa jikokinmu su san giwan ruwa a cikin kwalekwale, ba a cikin littafi kaɗai ba, amin.