ZAUREN UNGUWA: Wasan Da Ke Kai 'Ya'yanmu Japan Suna Zaune A Briketeri

A watan nan zancenmu na samari ne, amma ina roƙon iyaye su matso kusa, domin abin ya fi shafarsu.

Akwai wani irin wasan kwamfuta da wasu daga cikin samarinmu na Briketeri suka ɗauka da zafi. Ba wasan ƙwallo ba ne, ba kuma na harbe-harbe ba. Labari ne ake karantawa a fuskar na'ura, da hotunan zane irin na Japan waɗanda ake kira anime, da ɗan kiɗa a ƙarƙashi. Mai wasa yana karatu yana dannawa, in aka zo mararraba sai a ce ya zaɓi hanya, labarin kuma ya bi zaɓin da ya yi. Wato littafi ne da aka sa masa hoto da ƙofofi da yawa.

Wanda na ke so mu duba sunansa Go! Go! Nippon! Kalmar Nippon ita ce sunan da Japanawa ke kiran ƙasarsu da shi. Wani kamfanin Japan mai suna Overdrive ne ya shirya shi, kamfanin MangaGamer ya fitar da shi a shekarar 2011, aka sa shi a kasuwar wasanni ta Steam a 2014, daga baya aka ƙara masa sababbin wurare. Da gangan aka yi shi domin baƙi, waɗanda ba su taɓa taka ƙasar ba.

Ga yadda labarin ya ke. Wani saurayi baƙo, wanda kai mai wasa za ka raɗa wa suna, ya daɗe yana mafarkin zuwa Japan. Ya yi abota ta intanet da wasu 'yan gida ɗaya, Makoto da Akira, yana zaton maza ne. Da ya sauka sai ya tarar 'yan mata ne, ya da ƙanwa, iyayensu kuma sun yi tafiya. A gidansu zai kwana mako guda. Kullum safiya sai ya zaɓi unguwar da zai je a birnin Tokiyo, ɗaya daga cikinsu ta raka shi: Asakusa mai tsohon ɗakin bautar nan na Sensoji, ko Akihabara kasuwar kayan lantarki, ko Shibuya inda aka kafa gunkin karen nan Hachiko da ya yi shekaru yana jiran maigidansa a tashar jirgin ƙasa har ya mutu a 1935. Daga nan sai tafiya Kiyoto, tsohon birnin sarauta. Ana rubuta zancen da Turancin Ingilishi da Japananci tare, ana kuma lissafa wa mai wasa kuɗin da ya kashe a jirgi da abinci.

To, me waɗanda suka buga shi ke cewa? Na zauna da wasunsu, na kuma saurari iyayen wasu. Ra'ayoyin sun kasu uku.

Kashi na farko su ne masu yabo. Suka ce a cikin 'yan sa'o'i sun koyi abin da darasin labarin ƙasa bai koya musu ba a makaranta. Sun san yadda ake sayen katin shiga jirgin ƙasa a Tokiyo. Sun san ana tuɓe takalmi a bakin ƙofa kafin a shiga gida, ana rusunawa wajen gaisuwa, ana faɗin wata kalma ta godiya kafin a fara cin abinci. Wani ɗalibi ya ce abin da ya fi burge shi shi ne, da ya ga waɗannan al'adu sai ya ga kamar gidansu ake kwatantawa, domin mu ma ba ma shiga ɗakin tsohuwa da takalmi, ba ma gaida babba a tsaye ƙiƙam. Wani kuma ya ce shi ribarsa Ingilishi ce. Makarantar Faransanci ya yi, Ingilishinsa na jarrabawa ne kawai, amma son sanin ƙarshen labarin ya sa ya zauna da ƙamus har ya gama. A ƙasa mai harsunan hukuma biyu irin Kamaru, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka buga suka ce an yi musu rowa. A ganinsu wasan gajere ne, labarin soyayyar da aka cusa a ciki kuma bai da nauyi, an dai sa shi ne kamar yadda ake sa sukari a magani. Sun kuma ce saurayin labarin ya cika santi, komai ya gani sai ya buɗe baki, har mutum ya ji kunya a madadinsa. Wani mai gyaran wayoyi ya ce da ni, wannan ai talla ce irin ta ofishin yawon buɗe ido, babu talaka a ciki, babu mai neman aiki, babu wanda aka hana hayar ɗaki don baƙo ne. Irin wannan suka ba a unguwarmu kaɗai ake yin ta ba, masu buga wasan a ƙasashe da yawa sun faɗi makamancinta.

Kashi na uku iyaye ne da malamai, waɗanda ba su buga ba amma sun leƙa. Damuwarsu a fili ta ke. Saurayi baƙo a gida ɗaya da 'yan mata biyu, babu babba a gidan. Akwai hotunan da suturar 'yan matan ba ta kai yadda tarbiyyarmu ke so ba. Akwai ziyarar ɗakunan bautar addinin Buda da na Shinto, ana nuna yadda ake wanke hannu da yadda ake roƙo a wurin. Wani dattijo ya ce shi bai hana ɗansa sanin duniya ba, amma yana so ya san wane ne malamin.

Yanzu ga nawa ra'ayin, in an ba ni dama.

Duk kashi ukun suna da gaskiya, sai dai kowa gefen da ya fuskanta ya gani. Masu yabo ba su yi ƙarya ba, abin da wasan ya faɗa game da wurare da jiragen ƙasa da gaisuwa galibi haka ya ke. Jirgin nan mai gudun tsiya da ake kira Shinkansen tun 1964 ya ke aiki, yana kuma haɗa Tokiyo da Kiyoto cikin sa'a biyu da 'yan mintoci. Yaron da ya san wannan ya fi wanda bai sani ba. Ilmi kuwa ba ya wari don ya fito daga nesa.

Amma masu suka ma sun taɓo wuri mai ciwo. Mai talla ba ya cewa hajarsa da aibi. Wanda aka rubuta wasan dominsa baƙo ne mai fasfo ɗin da ke buɗe ƙofa da kansa, mai kuɗin kashewa na mako guda. Ɗan Kamaru sai ya nemi biza tukuna, ya nuna dalilin tafiya da abin da zai ci da inda zai kwana. Wasan bai gaya wa ɗanmu Musulmi cewa romon taliyar nan da ake kira ramen sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi ba, ko cewa akwai wata giyar shinkafa mai zaƙi, mirin, da ke shiga miyarsu. Bai gaya masa inda zai yi Jumma'a ba, alhali akwai masallaci a birnin Kobe tun 1935, akwai kuma babban masallacin Tokiyo da Turkawa suka sake ginawa aka buɗe a 2000. Ba laifin masu wasan ba ne, ba mu suka yi wa ɗinkin ba. Laifin zai zama namu in muka bar yaro ya ɗauki rigar wani ya ce daidai da shi ta ke. Mun sha ganin samarin da hoto ya ruɗa, suka sayar da keken ɗinki ko shagon uba suka kama hanya, aka wayi gari babu tsuntsu babu tarko.

Game da damuwar iyaye, ni ina tare da su a kan cewa wannan ba wasan ƙananan yara ba ne. Zanen katun yana yaudarar manya, mu kan ɗauka duk abin da aka zana na yara ne. A Japan ba haka ba ne, akwai zanen yara, akwai na manya, akwai ma wanda bai kamata ya shigo gidan mutumin kirki ba sam. Amma ƙwace na'ura da duka ba su taɓa hana yaro kallon abin da ya ƙudura ba, sai dai ya koma gidan aboki. Abin da ya fi shi ne uba ko wa ya ja kujera ya zauna, ya ce nuna mini. In an zo wurin ɗakin bauta, ga damar bayyana masa bambancin sanin addinin mutane da bin sa. In an zo wurin da bai dace ba, a faɗa masa dalili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu ake tanƙwarawa, ba da gatari ba.

Kada kuma mu ɗauka Japan baƙuwa ce a wurinmu. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1990 ya san Patrick Mboma ya buga wa ƙungiyar Gamba Osaka, har ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar a 1997. A gasar cin kofin duniya ta 2002 'yan wasanmu sun yi sansani a wani ƙauyen kan dutse mai suna Nakatsue a jihar Oita. Sun yi lattin kwanaki, mutanen ƙauyen suka yi ta jira ba su yi fushi ba, zumuncin kuma ya ɗore bayan gasar. A 2010 a Afirka ta Kudu suka ci mu ɗaya da nema, wannan kam ba sai na tuna wa kowa ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnatin Japan ta gina makarantun firamare da dama a Yawunde da Duwala da wasu garuruwa, waɗanda har yau jama'a ke kira makarantun Japanawa. Baburan da ke ɗaukar mu da motocin da muke hawa, da yawa sunayensu daga can suka fito.

Akwai ma abin da ya fi waɗannan ban sha'awa. Wani malamin Japan, marigayi Eguchi na gidan tarihin al'adu da ke Osaka, ya yi shekaru yana zuwa Marwa. Ya koyi Fillanci, ya zauna gaban masu tatsuniya, ya rubuta tatsuniyoyin Fulanin arewacin ƙasar nan ya buga su littattafai. Ku duba fa. Mutum ya taso daga ƙarshen duniya ya zo ya tattara abin da kakannin maƙwabtanmu ke faɗa da dare, mu kuma namu suna zubewa ba mai tsincewa.

Nan ne ainihin inda na dosa. Yaron da ke iya lissafa maka unguwannin Tokiyo biyar, tambaye shi me ya sa ake kiran unguwarsu Briketeri. Da wuya ya san sunan ya samo asali ne daga masana'antar tubali ta zamanin Turawa, ko cewa sunan wurin na asali Ekudu ne. Tambaye shi ta wace hanya kakanninsa fatake suka biyo daga Kano ko Katsina, suka ratso Adamawa da goro da tufafi da shanu a lissafinsu, har suka sauka nan tun zamanin Jamus. Wasu ma in ka yi musu tambayar da Hausa, da Faransanci za su amsa. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, harshenmu ba a koyar da shi yadda ake koyar da Faransanci, abin da gida bai bayar ba titi ba zai bayar ba.

Japanawa sun gane cewa saurayin zamani ba ya zama ya karanta littafin jagoran matafiya, sai suka naɗe darasin cikin labari suka miƙa masa, ya karɓa da murna har da biyan kuɗi. Wannan dabara ba ta fi ƙarfinmu ba. A nan Yawunde kamfanin Kiro'o Games, wanda Olivier Madiba ya kafa, ya fitar da wasan Aurion a 2016, aka saye shi har ƙasashen waje. Nasu ma ya fi wahala, domin na faɗa ne da motsi. Wasan labari kuwa abin da ya ke bukata marubuci ne, da mai zane, da wanda ya ɗan san sarrafa kwamfuta. Akwai ma manhajar kyauta mai suna Ren'Py da aka yi musamman don irin wannan aiki.

Ku kwatanta da kanku. Baƙo ya sauka tashar jirgin ƙasa ta Yawunde daga Ngaundare, wani ɗan unguwa ya tarbe shi. Ya kai shi babban masallaci, ya ratsa da shi layin teloli masu aikin wuyan riga, ya zaunar da shi gaban mai tsire da yamma, inda duk garin ke zuwa cin abin da suke kira soya ba tare da sun san kalmarmu ce ta suya ba. Ya kai shi gaida Sarkin Hausawa, ya koya masa yadda ake zube gaisuwa. A rubuta zancen da Hausa a sama, Faransanci ko Ingilishi a ƙasa, daidai yadda wancan ya jera harsuna biyu. Ɗanmu zai koyi karatun harshensa, maƙwabcinmu Ewondo ko Bamileke kuma zai san mu fiye da sanin mai sayar masa da nama.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin matasanmu da ɗalibanmu na jami'a da su ɗauki wannan magana da muhimmanci. Ina kira ga dattawa su buɗe baki su ba da labari tun suna raye, domin in bango ya faɗi ba a tambayarsa abin da ya gani. Attajiranmu kuma, masu taimaka wa ƙungiyoyin ƙwallo da bukukuwa, kuɗin kwamfuta ɗaya da ladan mai zane ba za su girgiza aljihunsu ba.

Wanda duk ya buga wannan wasa ko makamancinsa, ko uban da ke da abin cewa, ya rubuto mana ta hannun edita, za mu buga ra'ayinsa ko da ya saɓa wa namu. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu Kamaru. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.